Har Ina Laburaren Yare Zai Naɗe Ayyukan Babbar Manhaja? Jagora Ga Masu Ginawa

Shirin kwamfuta ba ya taɓa faifai ko katin sadarwa da hannunsa. In zai buɗe fayil, ko ya aika saƙo ta intanet, ko ya tayar da wani shirin, sai ya roƙi kanel, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, irin Linux ko Windows, ta hanyar kira na musamman. Linux tana da irin waɗannan kiraye-kiraye sama da 300, ayyukan da Windows ke bayarwa ta kernel32.dll da 'yan'uwansa kuwa dubbai ne. Duk mai gina laburare na wani yaren rubuta shirin kwamfuta, wato tarin kod da masu amfani da yaren ke aro, ko mai ƙara wa wanda ake da shi, dole ya yanke shawara: nawa daga cikinsu zai naɗe ya miƙa wa masu amfani da yaren, kuma wace riga zai sa musu?

Idan ya naɗe kaɗan, jama'a za su riƙa tsallake shi suna komawa yaren C duk lokacin da aiki ya yi tsanani. Idan ya ce sai ya naɗe komai cikin riga guda, zai ɗauki alkawuran da Windows ko macOS ba za su cika masa ba. Hanyar da ta fi ɗorewa, wadda Go da Rust da Python suka iso gare ta bayan sun sha wuya, ita ce a yi hawa biyu: na ƙasa cikakke, mai faɗin abin da kanel ta faɗa ba ƙari ba ragi, na sama ɗan ƙarami, wanda ba ya alkawarin abin da ba zai cika a ko'ina ba. Ga yadda ake bi.

Raba hawa biyun tun kafin ka rubuta layin farko

Hawan ƙasa ya riƙe sunayen da babbar manhajar ta sa wa ayyukanta, da jerin abubuwan da suke karɓa, da tutocinsu, wato zaɓuɓɓukan da ke sauya halin kira, da lambobin kuskurensu. Wanda ya karanta littafin bayanin Linux a kan openat ya zo ya tarar da openat, kada ya tarar da wani suna da ka ƙirƙira. Kuma kada ka rubuta wannan hawa da hannu. Lambobin tutoci da girman rukunan bayanai suna bambanta daga na'ura zuwa na'ura, kuma ɗan adam zai yi kuskure a ɗaya cikin ɗari ba tare da ya sani ba. A kunshin golang.org/x/sys, fayilolin da sunansu ya fara da harafin z, irin su zerrors_linux_amd64.go, shiri ne ke fitar da su daga fayilolin C na babbar manhajar. Kunshin windows-sys na Rust ma daga bayanan da Microsoft ta wallafa ake samar da shi.

Sai kuma wurin ajiye shi. Go ta fara da zuba komai a kunshin syscall, cikin laburarenta na asali. Da yake ta yi alkawarin ba za ta karya tsohon kod ba, duk kuskuren da ya shiga ciki ya zauna daram, ga shi kanel na fitar da sabbin kira da saurin da ya fi na fitowar sigogin yaren. A siga ta 1.4, a 2014, aka daina faɗaɗa kunshin, aka mayar da sabon aiki zuwa x/sys, wanda ke wajen laburaren asali kuma ana sabunta shi a duk lokacin da aka so. Rust kuma ta bar wannan hawa ga kunshin libc da nix da rustix. Ka yi koyi da su: hawan ƙasa ya kasance da lambar sigarsa daban, don ya iya bin kanel ba tare da ya jira yaren ba.

San ƙofar da aka halatta maka a kowace babbar manhaja

Linux ce kaɗai cikin manyan da ta yi alkawarin lambobin kiranta ba za su canja ba. Ko a can, lambar ta dogara da irin na'urar: write lamba 1 ce a x86-64, lamba 4 a tsohuwar i386, lamba 64 a arm64. A arm64 ma babu open da fork sam, sai openat da clone. A Windows lambobin suna canjawa daga siga zuwa siga, don haka ta fayilolin DLL irin kernel32.dll ake shiga. Apple ta ce ta libSystem, laburarenta na C, za a bi. Go ta jima tana kiran kanel ɗin macOS kai tsaye, har sigar Sierra ta 2016 ta canja yadda gettimeofday ke mayar da amsa, shirye-shiryen da aka riga aka harhaɗa suka fara faɗuwa. Daga siga ta 1.11 da 1.12 ta koma bin libSystem. A OpenBSD ma ta fara komawa libc daga 1.16. Saboda haka, in ba a Linux kake ba, ka bi ta laburaren C na babbar manhajar, ko da yarenka na alfahari da cewa bai dogara da C ba.

Gwajin da aiki zai ci kafin ya hau sama

Kafin ka ba wani aiki suna ɗaya da zai yi amfani a ko'ina, zauna ka rubuta alkawarinsa a jimla ɗaya, sannan ka duba kowace babbar manhaja ka ga ko za ta cika shi. Canja sunan fayil shi ne misalin da ya fi koyar da wannan, domin kowa na ganin abu ne mai sauƙi.

A tsarin POSIX, wanda Linux da macOS ke bi, rename yana maye gurbin fayil ɗin da ke ɗauke da sabon sunan a taki ɗaya: mai karantawa ko dai ya ga tsohon, ko ya ga sabon, ba zai taɓa tarar da wurin wayam ba. A Windows, tsohuwar hanyar tana ƙin aiki idan sunan na nan. Shi ya sa os.rename na Python ke da hali biyu: a Linux ya shafe wanda ya tarar shiru, a Windows ya jefo FileExistsError. Ba a gyara os.rename ba, don kod da yawa ya riga ya dogara da halinsa. Sai aka ƙaro os.replace a siga ta 3.3, mai alkawari guda: zan maye gurbi a ko'ina. A Windows yana yin haka ne ta MoveFileEx da tutar MOVEFILE_REPLACE_EXISTING.

Ko shi ma alkawarin yana da iyaka, kuma wajibi ne ka rubuta iyakar a bayanin laburarenka. Idan tsohon suna da sabon suna ba a kan faifai ɗaya suke ba, Linux za ta dawo da EXDEV, lamba 18. A nan ne masu gina laburare ke jarabtuwa su ce bari mu kwafe fayil ɗin mu goge na asali don a sauƙaƙa wa mutane. Kada ka yi haka a ƙarƙashin suna ɗaya. Kwafewa ba taki ɗaya ba ce. In wuta ta ɗauke a tsakiya, rabin fayil ne zai rage. Python ta raba su: os.replace ya faɗi da kuskure, shutil.move ne ke kwafewa, kuma wanda ya kira shi ya san abin da ya zaɓa. A Windows akwai ƙarin tarko: idan wani shiri, misali manhajar kare ƙwayar cuta, yana riƙe da fayil ɗin a buɗe ba tare da ya yarda a goge shi ba, canja sunan zai ci tura.

Dubi aikin da mutane ke yi kullum da wannan kira, wato adana fayil ta yadda ɗaukewar wuta ba za ta lalata shi ba, abin da duk mai kula da kwamfutar saba (server) a wurin da lantarki ba shi da tabbas ya san muhimmancinsa. Ana buɗe fayil na wucin gadi a cikin folda ɗaya da na ainihi, da tutocin O_CREAT da O_EXCL don kada a faɗa kan na wani. A rubuta bayanan duka. A kira fsync a kansa don a tura bayanan zuwa faifai, a rufe. A canja masa suna zuwa na ainihi. Daga nan a buɗe foldar kanta a kira fsync a kanta, domin sunan fayil a cikin folda yake zaune, kuma in ba a tura ta faifai ba, sabon sunan na iya ɓacewa bayan wuta ta dawo. Laburaren da bai ba da O_EXCL ba, ko bai yarda a buɗe folda ba, ya hana mai amfani yin wannan aiki daidai. Matakin ƙarshen kuma ba ya tafiya haka a Windows, inda os.open ke ƙin buɗe folda. A macOS kuwa fsync ba ya tilasta wa faifan ya zubar da abin da ke ma'ajinsa na ciki, sai an kira fcntl da F_FULLFSYNC, wanda shi File.Sync na Go ke yi tun siga ta 1.12. Ka ga aiki ɗaya ya taɓa hawa biyun: sama don sauƙi, ƙasa don tutocin da babbar manhaja ɗaya kaɗai ta sani.

Idan aiki ya faɗi gwajin, kada ka yi masa kwaikwayo rabi da rabi. Sa shi a ɓangare mai sunan babbar manhajar, kamar yadda Rust ta yi da std::os::unix da std::os::windows. Mai son lambar mamallakin fayil sai ya shigo da MetadataExt na unix da hannunsa, kuma mai harhaɗa kod zai tsayar da shi in ya nufi Windows, tun kafin shirin ya kai hannun jama'a.

Kada ka haɗiye lambar kuskure

File.delete da File.renameTo na tsohuwar Java suna dawo da false ne kawai in sun gaza. Fayil ɗin ne babu? Izini ne babu? Foldar ce ba a kwashe ba? Ba mai gaya maka. Sai a Java 7, a 2011, kunshin java.nio.file ya zo da kurakurai masu faɗin dalili. Abin da ya dace shi ne kowane kuskure ya ɗauki abu huɗu: rukuninsa da kowa zai gane, lambar asali da babbar manhajar ta bayar, sunan aikin da ya gaza, da sunan fayil ɗin. Python tun 3.3 tana da FileNotFoundError da PermissionError a ƙarƙashin OSError, amma errno na nan a ciki, a Windows har da winerror. Rust na da ErrorKind, ga kuma raw_os_error a gefe.

Abu biyu ke yawan ɓaci a nan. Na farko, rubuta lambar da hannu: EAGAIN 11 ce a Linux amma 35 a macOS da BSD, don haka da suna ake kwatantawa. Na biyu, jinkirin karanta ta. errno da GetLastError, inda ake samun lambar, na zaren da ya yi kiran ne, wato layin aiki ɗaya cikin waɗanda shiri ke gudanarwa lokaci guda, kuma duk wani kira da ya biyo baya, ko da na neman memori ne don haɗa saƙon kuskuren, yana iya shafe su. Ka kwafe lambar a layin da ke bin kiran nan take. In yarenka na iya ɗauke aiki daga wannan zare zuwa wancan, to a cikin kod ɗin da ya yi kiran ne za a kama ta, kafin a dawo wa yaren. Dalilin use_errno=True a ctypes na Python ke nan.

Abin da hawan sama zai ɗauke wa mutane, da wanda ba zai ɗauke ba

Idan sigina, wato ɗan saƙon da kanel ke katse shiri da shi, ta iso yayin da shiri ke jiran read ko write, kiran na iya dawowa da EINTR, lamba 4. Wannan ba gazawa ba ce, cewa aka yi sake gwadawa. Kusan babu mai rubuta shiri da ke tunawa da shi, kuma ba ya fitowa a gwaji sai a wurin aiki, lokaci-lokaci. Python ta ɗauke wannan nauyi a 3.5, a 2015: tana gudanar da mai karɓar siginar tukuna, in bai jefo kuskure ba ta sake kiran, kuma ta sake lissafa sauran lokacin jira, don kada jiran daƙiƙa 10 ya koma 18. Go ta ji a jikinta a 1.14, lokacin da ta fara amfani da sigina wajen katse ayyukanta, EINTR ya yawaita; a 1.15 kunshin os da net suka fara maimaitawa da kansu. Wannan aikin hawan sama ne. Hawan ƙasa kuwa ya miƙa EINTR yadda ya zo, domin akwai masu dogara da shi don su katse jira.

Haka ma gajeren rubutu. write na iya karɓar bayit 4096 daga cikin 10000 da ka ba shi ya dawo lafiya, kuma Linux ba ta wuce bayit 2,147,479,552 a kira ɗaya. Ka ba da iri biyu da suna daban, kamar write da write_all na Rust.

Amma akwai kira biyu da maimaita su ɓarna ce. A Linux, ko close ya dawo da EINTR, an riga an saki lambar da kanel ta ba fayil ɗin lokacin da aka buɗe shi. In ka sake rufewa, mai yiwuwa wani zare ya riga ya buɗe sabon fayil an ba shi wannan lambar, sai ka rufe nasa, shi kuma ya ga kuskure a wurin da ba shi da laifi. Python da gangan ta ware os.close daga maimaitawar. Na biyu shi ne fsync. A 2018 masu gina PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, suka gano cewa in fsync ya gaza a Linux, kira na biyu na iya cewa an yi nasara alhali bayanan ba su kai faifai ba, domin kanel ta riga ta daina ɗaukar waɗannan shafukan a matsayin masu jiran rubutu. Maganin da suka ɗauka shi ne shirin ya tsaya cak ya farfaɗo daga kundin da yake rubuta duk canjin da zai yi. Laburare ba shi da hurumin yanke irin wannan hukunci a madadin kowa. Nasa shi ne ya kai kuskuren ga mai kira.

Sunan fayil ba lallai ne ya zama rubutu ba

A Linux sunan fayil jerin bayit ne, komai na iya shiga in ban da alamar / da bayit sifili. A Windows raka'o'i ne masu bit 16 da ba dole ne su zama ingantaccen UTF-16 ba. Laburaren da ya ɗauka kowane suna UTF-8 ne zai lissafo folda ya ci karo da fayil ɗin da aka kwafo daga tsohuwar filasha, ya faɗi, ko ya sauya harafin da bai gane ba, daga nan kuma ba zai iya buɗe fayil ɗin ba. Ƙa'idar ita ce: duk sunan da ka karɓa daga kanel, ka iya mayar mata da shi yadda yake. Rust ta ware nau'in OsString don haka. Python ta bi hanyar surrogateescape tun 3.1. Ka kuma ƙi duk sunan da ke da bayit sifili a tsakiya, domin C a nan za ta yanke shi, a buɗe wani fayil daban.

Ayyukan da suka ci karo da yaren kansa

Wasu kiraye-kirayen ba bambancin manhajoji ne matsalarsu ba, injin yaren ne ba ya jure su. fork, kiran da ke haifar da kwafin shiri, yana kwafe zaren da ya kira shi ne kaɗai. In wani zare na riƙe da makulli a lokacin, makullin zai zauna a kulle a cikin ɗan har abada. Go, da ke da zare da yawa tun daga tashi, ba ta ba da fork tsurarsa ba, sai haɗe da exec, mai ɗora sabon shiri a kan kwafin. Python tana da os.fork, amma daga 3.12 tana gargaɗi idan an kira shi cikin shiri mai zare fiye da ɗaya, kuma tun 3.8 multiprocessing ya daina fara aiki da shi a macOS. setuid, kiran da shiri ke sauke izininsa da shi, a kanel ɗin Linux zare ɗaya yake shafa. Go ta gwammace ta dawo da kuskure shekara da shekaru a kan ta bar wasu zaruruwa da ikon root, mai cikakken izini, har sai da 1.16 ta iya aiwatar da shi a kan duka. Rust ta mayar da set_var aiki mai alamar unsafe a bugun 2024, saboda setenv na C ba shi da kariya in wani zare na karantawa. A irin waɗannan, ka naɗe buƙatar mutum, wato tayar da shiri ko sauke izini, kiran tsura kuwa ya zauna a ƙasa da gargaɗi ƙarara.

ioctl kuwa, kiran da ake ba direbobin na'urori umarni da shi, kada ka ce za ka naɗe shi duka, kowane direba na da nasa umarnin. Ba da ƙofa ɗaya mai karɓar lambar umarni da wurin zuba bayanai, kamar fcntl.ioctl.

Bar hanyar sauka, ka fayyace mai fayil

Komai ƙoƙarinka, gobe kanel za ta fito da abin da ba ka naɗe ba. Kowane fayil ko soket na hawan sama ya iya ba da lambarsa ta asali, kuma a iya gina shi daga lamba. Abin da ke kawo rigima shi ne wa zai rufe. Ka bambanta aro da mallaka: as_raw_fd na Rust aro ne, into_raw_fd miƙa mallaka ne, kuma a 1.63 aka ƙaro BorrowedFd da OwnedFd don mai harhaɗa kod ya sa ido. A Python akwai closefd=False da socket.detach. In ba ka fayyace ba, mai share memori zai tattara abin da ke riƙe da fayil ɗin ya rufe shi, alhali wani na tsakiyar amfani da lambar.

Duk fayil da za ka buɗe, sa masa O_CLOEXEC, tutar da ke hana shirin da aka tayar ya gaji lambarsa, a cikin kiran buɗewar kansa. In ka bari sai bayan an buɗe ka sa da fcntl, wani zare na iya tayar da shiri a ɗan tsakanin, lambar ta zube masa. Python ta mayar da wannan ƙa'ida a 3.4.

Tambayi na'urar da kake kai, sannan ka gwada da gangan

Kasancewar kira a na'urar da aka harhaɗa shirin ba ya nufin yana nan a inda zai gudana. getrandom ya shigo Linux 3.17, pidfd_open a 5.3. Ka gwada sabon kiran, in ka ga ENOSYS, wato babu kiran, ka koma tsohuwar hanya, ka adana amsar don kada ka yi ta tambaya. Ka lura da kwantena, wato keɓaɓɓen wurin da manhaja irin Docker ke gudanar da shiri a ciki: a 2021 tsofaffin matatun kira na Docker sun riƙa dawo da EPERM, wato babu izini, ga clone3 maimakon ENOSYS, sai glibc 2.34, laburaren C na Linux, ta ɗauka hani ne na gaske ta ƙi komawa clone, shirye-shirye suka kasa buɗe zare. Ga masu amfani kuma ka ba su hanyar tambaya, irin os.supports_dir_fd.

Hanyoyin kuskure ba sa gwada kansu, sai ka tilasta su. Rubuta zuwa /dev/full ka ga abin da laburarenka ke yi da ENOSPC, musamman ko kuskuren na fitowa a lokacin rufewa idan akwai bayanan da ba a tura ba. Sauke iyakar buɗaɗɗun fayiloli da ulimit -n 16, ka buɗe ka rufe sau 1000. In akwai lambar da ke zuba, EMFILE zai tona ta. Canja sunan fayil daga /dev/shm zuwa faifai don ka jawo EXDEV. Ƙirƙiri fayil mai bayit 0xFF a sunansa, ka lissafo foldar, ka buɗe shi da sunan da laburaren ya ba ka. Don EINTR, strace, shirin da ke nuna kiraye-kirayen da wani shiri ke yi, na iya cusa kuskure da kansa: strace -e inject=read:error=EINTR:when=3 zai sa kiran read na uku ya gaza. Ka maimaita da close a madadin read, sannan ka ƙirga a cikin abin da strace ya buga cewa sau ɗaya tak aka kira close a kan wannan lambar.